Yadda Ake Auna Tsananin Lalacewar Jijiyoyin Ƙafa ga Mai Ciwon Suga

Ciwon suga idan ya daɗe a jiki, musamman idan ba a riƙe shi da kyau ba, yakan lalata jijiyoyin da ke kai saƙon ji daga fata zuwa ƙwaƙwalwa, kuma yakan fara da waɗanda suka fi tsawo, wato masu kaiwa yatsun ƙafa. Shi ya sa matsalar take somawa daga yatsu, a ƙafafu biyu tare, ta riƙa haurowa a hankali, kuma galibi sai ta kusa gwiwa kafin ta bayyana a yatsun hannu. Wannan bayani na ma'aikacin lafiya ne da ya fara zama a ɗakin duba masu ciwon suga, ko a ƙaramin asibitin da babu na'urar auna gudun saƙo a jijiya. Abin da nake so ka riƙe tun farko shi ne, yawan kukan majiyyaci ba shi ne ma'aunin tsananin cutar ba. Wanda zugi ya hana shi barci yana iya kasancewa a matakin farko, wanda kuma ya ce maka ƙafarsa lafiya lau yana iya kasancewa jinsa ya tafi gaba ɗaya, domin kusan rabin masu wannan larura ba sa jin wata alama. Don haka ana auna tsanani ne da abin da ƙafar ta rasa, a ba shi maki, a rubuta.

Mai ciwon suga nau'i na biyu ana yi masa wannan gwaji tun ranar da aka gano cutar, saboda sau da yawa ta yi shekaru a jikinsa bai sani ba. Mai nau'i na ɗaya kuwa ana farawa ne bayan shekara 5 da ganowa. Daga nan kowannensu sai a maimaita masa aƙalla sau ɗaya a shekara.

Kayan aiki

Na farko shi ne monofilamen mai nauyin giram 10, wani silin roba ne siriri da aka dasa a jikin mariƙi, wanda yake lanƙwashewa da zarar matsin da aka yi da shi ya kai giram 10. Wani lokaci za ka ga an rubuta 5.07 a jikinsa, duk abu ɗaya ne. Na biyu shi ne ƙarfen girgiza mai baki biyu, wanda aka rubuta 128 a jikinsa. Mai 256 ko 512 na gwajin kunne ne, bai dace da wannan aiki ba. Sai gudumar roba ta gwada zaburar jijiya, da tsinken sakace sabo wanda za a jefar bayan kowane majiyyaci, da kofi biyu, ɗaya na ruwan sanyi ɗaya na ruwan ɗumi, da auduga, da safar hannu, da takardar da aka zana ƙafafu biyu a kanta.

Silin monofilamen yana gajiya. Ƙa'idar da kwamitin duniya mai kula da ƙafar masu ciwon suga ya bayar ita ce a hutar da shi awa 24 bayan an gwada mutum 10 zuwa 15, a kuma sauya shi bayan mutum 70 zuwa 90. Wanda ya karkace ko ya yi laushi ya tashi daga aiki. Idan kana shakkar naka, danna shi a kan ƙaramin sikelin lantarki irin na masu sayar da zinare har ya lanƙwashe, ka ga ko ya nuna kusan giram 10.

1. Shirya majiyyaci

Zaunar da shi a wuri mai haske da shiru, ya cire takalma da safa na ƙafafu biyu ko da ɗaya kawai yake kuka da ita. Idan ƙafar ta yi sanyi, kamar da safiyar hunturu, a bari ta ɗumama na ɗan lokaci, domin sanyi yana dusashe ji ko ga mai lafiya. Idan mace ce kuma kai namiji ne, nemi izini, a samu 'yar uwarta ko ma'aikaciya a wurin. Kowane gwaji ka fara nuna masa shi a hannu ko a goshi idonsa buɗe, ya san abin da zai ji, sa'an nan ya rufe ido ka koma ƙafa.

2. Tambayoyi biyar na alamomi

Akwai ma'aunin alamomi da na gwaji waɗanda likitoci Young da Boulton da abokan aikinsu suka yi amfani da su a binciken da suka yi a Birtaniya, suka wallafa a 1993, kuma su na fi so saboda ba sa buƙatar komai fiye da kayan da na ambata. Na alamomin yana tafiya ne kamar haka. Ka tambaye shi abin da yake ji: idan ƙuna ce ko raɗaɗi ko minjirya ko mutuwar ƙafa, maki 2, idan gajiya ce ko ɗaurewar tsoka ko tsami, maki 1. Ka tambayi wurin: tafin ƙafa da yatsu maki 2, sha-raɓa maki 1, wani wuri daban babu maki. Idan abin ya taɓa tashinsa daga barci, maki 1. Idan ya fi tsanani da dare maki 2, idan dare da rana ɗaya ne maki 1, idan da rana ne kawai babu maki. Na ƙarshe, me yake kawo masa sauƙi: tafiya maki 2, tsayuwa maki 1, zama ko kwanciya babu maki. Jimilla 9 ce. 3 zuwa 4 alamomi marasa tsanani, 5 zuwa 6 matsakaita, 7 zuwa 9 masu tsanani.

Kada ka sa masa magana a baki. Ka ce, "Baba, yaya kuke jin ƙafar nan?" ka saurara. Mutane sukan ce kamar an zuba musu barkono, ko suna ji kamar a kan auduga suke takawa. Akwai kuma tambayar da ba ta cikin ma'aunin amma nakan yi ta kullum: ko silifas yakan zame daga ƙafarsa bai sani ba. Wanda ya amsa da e, jinsa ya riga ya yi nisa da tafiya.

3. Duba ƙafar da ido da hannu

Duba sama da ƙasa da diddige da tsakanin kowane yatsu biyu. Kana neman bushewar fata da faso, da kanta (wato wurin da fata ta yi kauri ta taurare), da yatsun da suka tanƙware, da ramewar tsoka tsakanin ƙasusuwan bayan ƙafa, da farcen da ya shige nama, da gyambo ko tabonsa. Ƙafar da ta daina gumi alama ce ta lalacewar ƙananan jijiyoyi. Tsakanin yatsu kuwa, ga wanda yake alwala sau da yawa a yini ba ya tsane wurin, fata takan jiƙe ta yi fari ta tsage. Lalle ba ya hana gwajin ji, amma yana ɓoye ja da baƙin fata, don haka ƙafar da aka yi wa ƙunshi a ƙara shafa ta da hannu a ji zafinta. Sa'an nan ka taɓa bugun jini a wuri biyu, a bayan ƙafa kusa da layin babban yatsa, da kuma bayan idon sawu ta ciki. Wannan ba gwajin jijiyar ji ba ne, sai dai za ka buƙace shi a mataki na 10. Kafin ka ci gaba, zura hannu a cikin takalminsa; ƙusa da tsakuwa suna kwana a takalmin mutumin da ba ya ji.

4. Gwajin monofilamen

Wurare uku ake gwadawa a tafin kowace ƙafa: ƙarƙashin babban yatsa, da tudun da ke gindin babban yatsa, da tudun da ke gindin ƙaramin yatsa. Ka riƙe silin a miƙe ya fuskanci fata kai tsaye, ka danna har ya lanƙwashe, ka ɗaga. Zuwa da taɓawa da ɗagawa duka kamar daƙiƙa 2. Kada ya zame a kan fata, kada kuma ka riƙa dangwalawa sau da yawa a jere. A kowane wuri ka tambaye shi sau uku, biyu da taɓawa ta gaskiya, ɗaya kuma ka tambaya alhali ba ka taɓa ba. Idan ya amsa biyu daidai cikin uku, jin kariya, wato jin da ke faɗakar da mutum idan wani abu zai ji wa ƙafarsa rauni, yana nan a wurin; idan ya kuskure biyu, ya tafi.

Tambayar da babu taɓawa a cikinta tana da muhimmanci ƙwarai. Dattawa da yawa, don kunya ko don kada su ɓata maka rai, za su riƙa cewa e duk lokacin da ka buɗe baki, wasu kuma suna karanta sautin muryarka ko motsin rigarka. Ka sauya tsarin wuraren, ka sauya tazarar lokaci, ka kuma gaya masa tun farko, "Malam, idan ba ku ji ba ku ce ba ku ji ba, ba laifi ba ne, abin da nake nema ke nan."

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne dannawa a kan kanta ko kaushi. Manomi ko wanda ya saba tafiya ba takalmi yana da tafin ƙafa mai kauri, kuma idan ka danna a kan kaurin zai ce bai ji ba alhali jijiyarsa lafiya take. Ka matsa gefe kaɗan zuwa fata mai laushi. Haka nan ba a dannawa a kan gyambo ko tabo. Ka kuma sani cewa monofilamen yana kama cutar da ta riga ta yi nisa ne. Wanda ya ji shi ba a ce jijiyoyinsa kalau suke ba sai an yi sauran gwaje-gwajen.

Idan babu monofilamen, kada ka maye gurbinsa da tsinken tsintsiya ko zaren kamun kifi da ba a auna ba. Yi gwajin taɓawa na Ipswich, wanda Gerry Rayman da abokan aikinsa suka wallafa a 2011 daga asibitin garin Ipswich na Ingila. Da kan yatsanka manuni za ka taɓa kan yatsa na ɗaya da na uku da na biyar a kowace ƙafa, taɓawa mai sauƙi ta daƙiƙa 1 zuwa 2, ba dannawa ba shafawa. Wanda bai ji biyu ko fiye ba daga cikin shidan, ana ɗaukar jin kariyarsa ya ragu.

5. Gwajin girgiza

Daga nan ne makin gwaji yake farawa. Buga ƙarfen a tudun tafin hannunka, ka riƙe shi ta ƙafarsa kawai, domin idan yatsanka ya taɓa bakunan biyu girgizar za ta mutu. Ɗora gindinsa a kan ƙashin babban yatsa, bayan farce kaɗan, da matsi madaidaici. Ka tabbatar girgizar yake ji, ba sanyin ƙarfe ko nauyinsa ba. Hanyar tabbatarwa ita ce wani lokaci ka kashe girgizar da hannunka kafin ka ɗora, ka ga ko zai bambance. Kada ka buga da ƙarfin da zai ji ƙarar da kunne. Idan ya bambance, babu maki. Idan ya kasa, maki 1 ga wannan ƙafar.

Idan bai ji a yatsa ba, hau zuwa idon sawu, sa'an nan ƙashin ƙwauri ƙasa da gwiwa, ka rubuta inda ya fara ji. Wannan ba ya ƙara maki, amma yana nuna maka tsawon da cutar ta hau, kuma shi ne abin da za ka fi amfana da shi idan ya dawo baɗi.

6. Gwajin tsini

Da tsinken sakace ka taɓa fatar bayan babban yatsa, kusa da gindin farce, da matsin da zai ɗan lotsa fata ba tare da huda ta ba. Ka riƙa sauyawa tsakanin tsinin da wani abu marar tsini, yana faɗa maka wanne ne. Idan ya bambance babu maki, idan ya kasa maki 1. Allurar sirinji ba ta shiga wannan aiki sam, domin an yi ta ne don huda fata, kuma ƙaramin rauni a ƙafar mai ciwon suga yana iya zama gyambo.

7. Gwajin sanyi da ɗumi

Littattafai sukan ce a ɗora ƙarfen girgiza mai sanyi a bayan ƙafa. A ƙasashe masu sanyi ƙarfen da ke kan tebur da sanyinsa yake, amma a ɗakin asibiti a watan Afrilu a Kano ko Maraɗi ɗuminsa ya kusa na jikin mutum, don haka gwajin ba zai nuna komai ba. Tsoma ƙarfen a ruwan sanyi, ka goge shi, ka ɗora a bayan ƙafa, sa'an nan ka yi haka da ruwan ɗumi. Ruwan ɗumin ka fara gwada shi a fatar hannunka, kada ya kai zafin da zai ƙona ƙafar da ba ta ji. Wanda ya kasa bambancewa, maki 1 ga kowace ƙafa. Wannan gwaji da na tsini suna auna ƙananan jijiyoyi ne, waɗanda sau da yawa su suke fara lalacewa, shi ya sa bai kamata a tsallake su ba ko da layi ya yi tsawo.

8. Zaburar agara

Majiyyaci ya zauna ƙafafunsa suna reto, ko ya durƙusa a kan kujera sawayensa sun leƙo waje idan gwiwoyinsa za su iya. Ka ɗan tura tafin ƙafar sama har agara ta miƙe, ka saki gudumar ta faɗa a kanta da nauyinta, kana kallon ƙafar ta zabura ƙasa. Idan ta zabura, babu maki. Idan ba ta zabura ba, kada ka yi saurin rubutawa: ka ce ya sarƙe yatsun hannayensa biyu ya ja da ƙarfi, ko ya cije haƙora, daidai lokacin da kake bugawa. Idan sai da wannan dabara ta fito, maki 1; idan duk da haka babu, maki 2. Inda babu guduma ana iya amfani da gefen kan abin sauraren ƙirji ko gefen hannu, ko da yake sakamakon bai kai na guduma tabbas ba. Mai koyo yakan rubuta babu alhali majiyyacin ne ya ƙanƙame ƙafarsa, don haka ka ja shi da hira har ya saki jiki. Tsufa shi kaɗai ma yana raunana wannan zabura, saboda haka ga wanda ya manyanta ƙwarai ba a yanke hukunci da ita ita kaɗai.

9. Haɗa maki

Kowace ƙafa tana iya samun maki 5: girgiza 1, tsini 1, sanyi da ɗumi 1, agara 2. Ƙafafu biyu sun zama 10. Maki 3 zuwa 5 lalacewa ce marar tsanani, 6 zuwa 8 matsakaiciya, 9 zuwa 10 mai tsanani. Ana tabbatar da cutar idan makin gwaji ya kai 6 ko da babu alama ko ɗaya, ko kuma idan yana tsakanin 3 da 5 tare da makin alamomi 5 ko fiye. Lambar da za ka fi sa wa ido ita ce 6, domin babban binciken da aka yi a arewa maso yammacin Ingila, wanda aka wallafa a 2002, ya nuna cewa daga wannan maki haɗarin samun sabon gyambo yana ƙaruwa sosai.

Ga misali. A ce wata mata ta zo tana kukan ƙuna a tafin ƙafa da ke tashinta da dare, sai ta tashi ta yi zagaye take samun sauƙi. Makin alamominta 9 ne cif. A gwaji ta kasa bambance tsini da sanyi a ƙafafu biyu, amma tana jin girgiza, agararta tana zabura, tana jin monofilamen. Makin gwajinta 4, wato marar tsanani, abin da take buƙata shi ne daidaita suga da maganin zugi daga likita. Wani kuma ya zo karɓar magani kawai, ba ya kukan komai, amma ba ya jin girgiza da tsini da sanyi, agara kuma shiru a ƙafafu biyu. Makinsa 10. Wannan na biyun shi ne wanda zai ɗora ƙafa kusa da kaskon wuta da hunturu ya ƙone bai sani ba, ko ya taka daɓen masallaci mai zafi da azahar ya dawo gida da bororo, kuma shi ya fi cancantar lokacinka.

10. Sanya lokacin dawowa

A nan ake haɗa sakamakon monofilamen da bugun jini da siffar ƙafa. Wanda jin kariyarsa yake nan kuma jini yana gudana lafiya, sau ɗaya a shekara. Wanda ya rasa ɗaya daga cikin biyun, kowane wata 6 zuwa 12. Wanda ya rasa duka biyun, ko ya rasa ɗaya kuma ƙafarsa ta sauya siffa, kowane wata 3 zuwa 6. Wanda ya rasa ɗaya kuma ya taɓa yin gyambo, ko an taɓa yanke masa yatsa ko ƙafa, ko ƙodarsa ta kai matakin ƙarshe, kowane wata 1 zuwa 3.

11. Lokacin da za ka yi shakkar cewa suga ne

Kasancewar mutum yana da ciwon suga bai hana wani abu daban ya taɓa jijiyoyinsa ba. Ka tura shi ga likita idan matsalar a ƙafa ɗaya take, ko ta fara da hannu, ko ta tsananta cikin makonni, ko raunin tsoka ya fi rashin ji yawa. Ka tambayi shekarun da ya yi yana shan maganin suga na metformin, domin daɗewa a kansa yana rage bitamin B12, kuma ƙarancinsa yana kawo irin wannan rashin ji. Ka tambayi maganin tarin fuka, musamman isoniazid, da shan barasa, da ciwon ƙoda. Kuturta ma har yanzu ana samun sababbin masu ita a ƙasashenmu. Rashin jinta yakan zo wuri-wuri ne, tare da tabo mai haske a fata wanda ba ya ji, da jijiyar da ta yi kauri a gwiwar hannu ko bayan gwiwar ƙafa, kuma tana warkewa da magani idan an gano ta.

Abubuwa uku ba sa jiran ranar asibiti ta gaba: gyambo kowane iri, musamman mai ruwa ko wari, yatsan da ya yi baƙi ko ƙafar da ta yi sanyi babu bugun jini, da ƙafar da ta kumbura ta yi ja ta fi 'yar uwarta zafi alhali ciwon da yake ji bai taka kara ya karya ba. Wannan ta ƙarshen tana iya zama ƙafar Charcot, inda ƙasusuwa suke rugujewa a ɓoye, kuma mai ita ya daina taka ta tun daga wannan lokaci har likita ya gan shi.

A katinsa kada ka rubuta jimillar maki kawai. Rubuta sakamakon kowane gwaji ga ƙafar dama da ta hagu daban, da wurin da ya fara jin girgiza, da kwanan wata, ka yi alama a zanen ƙafar a duk inda bai ji monofilamen ba da inda kanta ko faso suke. Wanda makinsa ya kai 6 ko ya rasa jin kariya, ka kira wanda ya rako shi ciki ka nuna musu tare yadda za a riƙa duba tafin ƙafar kowane dare, a tsane tsakanin yatsu bayan alwala, a shafa mai a diddige ban da tsakanin yatsu, a gwada zafin ruwan wanka da gwiwar hannu, a kuma zazzage takalmi kafin a saka.